Izinin Turanci da Baffa Ya Aike Ni Nema

Tun da na dawo daga Ingila bakina bai huta ba. A wurin aiki a tare ni, a kasuwar Talata a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya matso ya raɗa mini wai da gaske ne Turawa ba sa tofar da yawu a hanya. Kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gida. Shekaranjiya na ji ana cewa wai na ci tuwo da Sarauniya, har ta ƙara mini miya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda in wuce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haliru, mutumin Bakura ne ni. Aikina buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a magudanan ruwan dam ɗin Bakolori, da rubuta yawan abin da ya wuce. A kan wannan aikin aka tura ni kwas na wata uku. Wannan shi ne aiken hukuma. Amma akwai wani aike na biyu da na tafi da shi, wanda ya fi hana ni sakat, kuma daga gida ya fito.

Tun da aka fara ginin dam takardu suka yi ta sauko mana kamar fara. Takardar awon gona, takardar ɗaukar lebura, takardar sanarwa, duk da Turanci. Magidanci da furfurarsa sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai san kansa ba balle gindinsa. Abin ya dame ni, sai na buɗe aji bayan La'asar a zauren gidanmu, ina koya wa magidanta yadda za su karanta ko da sunansu ne da lambar gonarsu. Mutum kusan ashirin nake tarawa. Zauren kuwa na Baffa Malam Isiyaka ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa tun daga Maradun. Kwana bakwai yana saurarenmu ta bayan katanga. A na takwas ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Haliru, wurin wa kaɗ ɗauko wanga karatu?"

"Makarantar boko, Allah gafarta Malam."

"Ban tambaye ka gini ba, mutum nika tambaya. Wa yab ba ka izinin karantar da shi? Shi kuma wa yab ba shi?"

A gidanmu ba a koyar da littafi sai an karanta shi a gaban malami ya ba da izini, shi ma malamin daga nasa malamin, haka silsila za ta yi ta tafiya har ta kai ga mai littafin. Baffa yana jero tasa silsilar fiye da yadda yake jero sunayen jikokinsa. Ɗalibaina suka sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na ji Turancin ɗan Italiyan nan mai gina dam, rabinai da hannu shika yi. Na ji na Bayaraben da ka awon gona. Na ji naka. Babu wanda yay yi kama da wani. Ko karatun Alƙur'ani akwai ruwayoyi, amma kowace an san limaminta. Taka ruwayar ta wa ta?"

Ranar aji ya watse. Kada wani ya ce me ya hana ni komawa gindin bishiya. A Bakura babu magidancin da zai zauna a karatun da Baffa ya ɗaga wa hannu, ko da a tsakiyar gulbi aka shimfiɗa tabarmar. Da maganar tafiya ta taso na je sallama, sai ya ce, "To, ga ka za ka garin masu abin. Ka nemi shehunsu, ka durƙusa, ka karanta gabanai, shi rubuto maka izini da silsila. Ran da ka kawo ta, ran nan za a buɗe zaure. In ba ka kawo ba, ka tsaya ga ƙofofin ruwanka." Na ce to, ina ganin abu mai sauƙi ne.

Motar da na samu a tashar Mafara ta albasa ce. Na sa kwat ɗin da na aro wurin akawun ofishinmu, na hau saman buhuna na zauna ina ƙasaita. Kafin mu kai Maru injin ya tafasa sau biyu, direba ya roƙe mu ruwan alwalarmu ya ɗura masa. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ji inda za ni, ya ce in na isa in gaishe masa da wani Baturen auduga da ya sani a Gusau shekarun baya, dogo ne, yana da ja. Na ce zai ji. A Gusau na canza mota zuwa Funtuwa, daga nan Kano, amma albasar nan ba ta rabu da kwat ɗin ba. A cikin jirgi matar da ke gefena ta yi ta shinshina iska tana duban ma'aikatan, tana zaton daga kicin ne.

A jirgin ne na ce bari in rage aiki, in rubuta nawa ɓangaren silsilar. Na fara da malaminmu na firamare a Mafara, wanda ya koya wurin wani mutumin Kalaba, shi kuma wurin wani fada, limamin coci ɗan Ireland. A sakandare wani Ba'indiye ne ya koya mana, sai wata Ba'amurkiya da ta yi shekara biyu tana fama da zazzaɓi da mu. Na duba takardar sama da ƙasa, babu ɗan Ingila ko ɗaya a ciki. Nan na fara shan jinin jikina.

Da muka sauka aka jera mu a layi. Da na isa gaban jami'in shige da fice na gaishe shi yadda ya kamata. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi iyali, na tambaye shi aiki, ina shirin tambayarsa sanyi sai na ga yana leƙen layin da ke bayana. Ya duba fasfo, ya ce Turancina yana da kyau, a ina na koya? Baki har kunne na zaro silsilata na fara karanto masa. Ban kai ga ɗan Ireland ba ya buga hatimi. Na ce ko ya san wanda ke shugabancin harshen nan, da unguwar da yake? Ya ce, "Na gaba!" A wurin kwastan kuma wani ya buɗe gwangwanin yajin da matata ta daka mini, ya cusa hanci ciki duk da na ce masa a hankali. Na bar shi yana atishawa, abokan aikinsa suna riƙe da ciki.

An sauke ni a wani ƙaramin gari can gabas, a gidan wata tsohuwa mai suna Misis Mogan. Ni dai Inna na laƙaba mata, ta kuwa karɓa. Abincinta dankali ne dafaffe, da kabeji dafaffe, da wani abu fari da ta rantse kifi ne. Gishiri ma sai ka roƙa. Ba don yajin nan ba da ban dawo da ƙafata ba. Karenta yana da kujerarsa a falo, kuma ranar da na zauna a kai ni aka ba haƙuri aka ce in tashi. Maƙwabcinmu kuwa wata uku ina gaishe shi, amsarsa ɗaya ce, wai yau kamar za a yi ruwa. Daga baya na gane wannan ita ce gaisuwarsu gaba ɗaya, babu iyali a ciki, babu gajiya.

Kwana na biyu na tafka abin kunya. Na shiga banɗaki ban ga buta ba, sai na sauko kicin na ga wata 'yar kyakkyawa mai zanen furanni a kan kanta, na ce lallai mutanen nan sun san darajar tsarki. Kwana huɗu ina aiki da ita ina mayarwa inda na ɗauka. A na biyar Inna ta yi baƙi, muka yi kiciɓis a matakala ina saukowa da ita, ashe butar shayin aurenta ce. Washegari na tarar ta sayo mini jarkar ban-ruwan fulawa ta ajiye a banɗaki, butar kuma ta shuka wani ganye a ciki.

Da muka saba na kawo mata maganar Baffa, na ce ko za ta fara saurarena ta ba ni izini, tunda a cikin abin aka haife ta. Ta ajiye cokali ta ce, "Ni? Ba harshena ba ne." Ashe 'yar yankin Wales ce, suna da nasu yaren. Ta ce da rula aka dasa mata Turanci a bayan hannu, kakarta kuma katako ake rataya mata a wuya in an kama ta da yaren gida a aji. Na ce mu a makarantarmu wanda aka kama da Hausa shi zai share fili, kuma ni na fi kowa sanin inda ake ajiye tsintsiya. Muka yi dariya har ta share hawaye. Daga ranar ta fara ƙara mini dankali, abin da ban roƙa ba. Na ji tausayinta, na kuma ji ta shiga raina, amma izini dai babu.

Kwas ɗin kansa ba laifi. Abin mamaki, su damuwarsu yadda za su fitar da ruwa daga gona, mu kuma yadda za mu shigar da shi. Wata rana aka kai mu wurin wani dattijo mai tsaron ƙofar ruwa, aka ce tun kakannin kakanninsa su ke riƙe da wannan ƙofar, ba su taɓa barin garin ba. Na ce yau ga asalin abin, ba gauraye. Na gyara kwat, na matsa gaba. Dattijo ya buɗe baki ya yi bayani na kusan rabin awa, wallahi ban tsinci kalma biyar ba. Malamin da ya kawo mu, ɗan Landan, shi ma kai kawai yake gyaɗawa. Da na samu aka yi mini tafinta na faɗa wa dattijon buƙatata, sai ya kece da dariya. Ya ce shi da in ya shiga birni yara ke kwaikwayon maganarsa, wa zai karɓi takardarsa? Ya ce in je wurin masu rediyo, su ne suka ce tasu ce daidai, kuma bai san wanda ya naɗa su ba.

Abokina a kwas ɗin wani injiniya ne daga Indiya, Rajan, mutum mai surutu da son tsokana. Shi ya fi kowa jin daɗin wahalata. Ya ce, "Haliru, kana neman mai Turanci? Ai ɗauke ta kamar 'ya mace. Dubi littafin famfon nan. Jamusawa suka ƙera famfon, suka rubuta bayanin da Turanci saboda ni da kai. Matuƙin jirgin da ya kawo ka da ita ya nemi izinin sauka, ko da kuwa shi Balarabe ne. Mutanen nan sun haife ta, ta yi aure a Amurka, ta hayayyafa a garinmu. Yanzu ko ta zo gida ba ta gaishe su." Na ce duk na ji, amma Baffa ba tarihin aurenta ya aike ni ba, takarda yake so.

Malaminmu na kwas ne ya ba ni shawara ta ƙarshe. Ya ce akwai wani tsohon garin jami'a inda ake haɗa babban ƙamus, in akwai masu iko da harshen to can suke. Ranar Asabar ba a aiki, sai na nemi hutun Litinin na hau jirgin ƙasa. Awa uku muna zaune mu shida a ɗaki ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, babu wanda ya tambayi wani inda za shi. Na fito da ƙuli-ƙuli na miƙa wa kowa, suka ɓoye fuska a bayan jarida.

A gidan ƙamus aka kai ni wurin wata dattijuwa mai tabarau, zaune a tsakiyar akwatuna cike da 'yan guntayen takardu. Na ce to, shehun mace ce, wannan sai na san yadda zan shigar wa Baffa da shi. Na cire takalmi na durƙusa a gabanta. Ta zabura ta kira a kawo ruwa, ta zaci faɗuwa na yi. Da ƙyar muka fahimci juna. Ta saurare ni har ƙarshe, kuma ita kaɗai ce a duk tafiyar ba ta yi dariya ba. Ta ce tsarin gidanmu ya burge ta ƙwarai, amma ba za ta iya sa hannu ba, don ƙarya za ta yi.

"Ba mu ba kowa izini, ba mu hana kowa," in ji ta. "Mutane ke magana, mu kuma mu bi bayansu muna tsinta. Faransawa suna da majalisar dattawa mai yanke hukunci a kan kalmomi. Mu an sha kawo shawarar, ba a taɓa yarda da wanda zai zauna a kujerar ba."

Wato masu kala ne, irin matan da ke bin gona bayan an kwashe shinkafa. Ina cikin jin haushi sai ta jawo guntun takarda ta ce, leburorin dam ɗinmu da suka koyi Turanci a bakin 'yan Italiya, yaya suke faɗin kaza da kaza? Na faɗa mata. Ta rubuta, ta ƙara tambaya, ta ƙara rubutawa, ta yi ta godiya. Na je ɗaukar karatu, aka ɗauka a wurina, aka sallame ni da shayi da biskit biyu.

Na koma masauki ba izini. Mutum ashirin na jirana a gida, ga kwanaki sun ƙare. Ana jibi za mu taso Rajan ya shigo da wata takarda mai kauri da ya buga da tafireta. Izini ne cikakke, da silsila mai sunaye goma sha biyu, duk sunayen titunan da muke bi zuwa aji ne. A ƙasa ya manna hatimin ɗakin injuna, wanda ake buga wa famfo in an gwada shi an ga yana aiki. Ya ce, "Baffanka ba zai iya karantawa ba, kai kuma ka iya koyarwa. Wa aka cuta?" Na zage shi, na yi dariya, sannan na ninke takardar na sa a aljihu. Ba zan ɓoye ba, da niyyar amfani da ita na sa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai Inna ta raka ni tasha ta ba ni dankali a takarda. Na isa Bakura da hantsi. Bayan an gama gaishe-gaishe, an tambayi hanya, an tambayi gajiya, an tambayi mutanen can da ba a sani ba, jama'a suka watse aka bar ni da Baffa a zaure. Na miƙa masa takardar kwas. Ya tambayi ko ta mece ce, na faɗa masa. Ya ce, "Wagga ta ruwa ta. Ina ta harshe?"

Hannuna na cikin aljihu, yatsuna a kan takardar Rajan. Na dube shi yana jira, ya miƙo hannu biyu yadda yake karɓar littafi. Sai na ga in na ba shi, na zama ɗaya daga cikin masu kawo wa tsofaffi takarda su ce ga abin da ke ciki, a yarda kawai. Kunya ta rufe ni. Na fito da hannuna wayam.

"Allah gafarta Malam, ban samo ba. Turanci ba ta da shehu. Na tambayi tsohuwa, na tambayi mai gadin ruwa, na je har inda aka tara kalmominta. Kowa cewa shikai ba tashi ba ta."

"Harshe guda, duk duniya na sha, babu mai tsaron bakin rijiyar?"

"Babu, Baffa."

Na zaci maganar ta mutu ke nan, ajin ma ya mutu. Can ya tashi ya shiga ciki, ya fito da gafakarsa. Daga tsakanin littattafai ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Ya ce damina biyu ke nan da aka kawo masa ita, bayan ruwan dam ya ci gonarsa ta gado can wajen Maradun. Bai yarda da tafintan da ke karanta wa mutane takarda a tasha ba, ni kuma ba ni da izini, sai ya adana ta yana jiran mai izini ya zo.

"Tunda babu shi, karanta man."

Na karanta a zuci tukuna. Takardar ta ce an ware masa wata gona a cikin filin ban-ruwa a madadin tasa, ga lambarta. Ya je da kansa ya karɓa kafin wata uku, in bai je ba za a ba wani. Na san lambar. Ni nake buɗe wa gonar ruwa duk Laraba, wani ne yake noman alkama a cikinta. Na fassara masa kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Ya ce in sake, na sake.

"Da ka karanta man ita ran da anka kawo, da gonar na hannuna?"

"Da tana hannunka, Baffa."

Ban taɓa ganin tsufansa ba sai a wannan lokacin, kuma na ji zafin abin har cikin ƙashina. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai zargi kowa ba. Ya ninke takardar ya mayar cikin gafaka. Sannan ya jawo tawada da alƙalami, ya yagi fallen takarda, ya yi rubutu da ajami a hankali, ya busa ya bushe, ya miƙo mini. Izini ne, da sunana, da sunan mahaifina. A wurin silsila sunansa kaɗai ya sa, shi da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba.

Ya ce, "Aika a hwaɗa ma mutanenka, yau bayan La'asar za a buɗe zaure. Kuma kowa shi zo da takardun da ad ɗakinai, a fara da su."